Kundin bibiya: horon shawo kan majinyata a wani asibiti a Kaduna

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Horo ya ƙare ranar Juma'a. An raba satifiket, an ɗauki hoto a bakin ɗakin taro, kowa ya koma bakin aikinsa. Ni aka ɗora wa bibiya, wato in riƙa zagaya ɗakuna ina duba ko abin da aka koya a aji ya sauka a hannun mutane, ko kuwa ya tsaya a cikin jakar da aka raba. Asibitin gwamnati ne a cikin garin Kaduna, ba sai na kama suna ba. Layin kati tun kafin gari ya waye, benci ba ya isa, kowa ya san irinsa.

Abin da aka koyar shi ne yadda ma'aikacin lafiya zai bi da mutumin da ya harzuƙa, ko ya rikice, ko ya kafe cewa ba za a taɓa shi ba, har a shawo kansa ba tare da an kai ga danniya ko ɗauri ba. Gundarin darasin ƙa'idoji 10 ne da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa masu aikin gaggawa ta Amurka ta fitar a 2012. Ka ba mutum fili kamar tsawon hannu biyu. Kada ka tare masa ƙofa, kada kuma ka bari a tare maka. Mutum ɗaya ne zai yi magana. Ka gajarta zance, in ya kama ka maimaita. Ka nemi sanin abin da yake so, ka ba shi zaɓi, ka faɗa masa iyaka ba da gatsali ba, in ƙura ta lafa a zauna a yi bitar abin da ya faru. A aji kowa gyaɗa kai yake yi.

Akwai kuma maganar doka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda ba ta san komai ba sai tsare mutum. Yanzu mai taɓin hankali yana da haƙƙi a rubuce. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu a ajin nan suka fara jin labarinta.

Na ajiye wa kowane ɗaki takarda mai gida uku. Gida na farko: me ya faru kafin rikicin. Na biyu: me mutumin ya yi. Na uku: me muka yi, me ya biyo baya. Ba na son dogon turanci a ciki, na ce ko da Hausa a rubuta.

Litinin, 27 ga Janairu

Takardun sun fara dawowa, kuma kusan duka kamanninsu ɗaya. Gida na biyu cike yake maƙil: ya yi zagi, ya buga tebur, ta ja rigar nas, ya ce zai ƙona asibitin. Gida na farko kuwa wayam. Inda aka rubuta wani abu ma, sai ka ga "ba dalili" ko "haka kawai".

Ba a taɓa yin haka kawai. Na ɗauki takarda ɗaya daga ɗakin gaggawa na bi sawunta. Wani magidanci ne ya kawo mahaifinsa da shanyewar ɓarin jiki wajen ƙarfe goma na safe. Aka ce ya je ya yanki kati. Daga can aka ce ya je ya biya. Ya dawo aka ba shi takardar magani, ya je ɗakin magani aka ce babu, ya fita waje ya sayo, kafin ya dawo an canja masu duti, sabuwar nas ɗin da ya tarar ta tambaye shi daga farko, wa ka kawo? Tsohon yana nan a kan gadon turawa inda ya bar shi, fitsari ya jiƙa masa wando, ga mutane suna wucewa. Nan ne ya buga tebur. A takarda abin da ya shiga shi ne bugun teburin. Awa huɗun da suka gabata ba su shiga ba.

Na zauna da 'yan ɗakin, ban yi wa kowa faɗa ba, domin kowace a cikinsu tana kan wani aikin ne na gaske a lokacin. Abin da muka tsayar ƙarami ne. Duk bayan ɗan lokaci mutum ɗaya ya leƙa benci ya yi magana: likita yana tiyata, waɗannan biyun za a fara gani saboda numfashinsu, Alhaji kai ne na gaba. Mutanenmu suna da haƙurin jira fiye da yadda muke zato. Abin da ba sa iya ɗauka shi ne a wuce su sau goma ba ko sannu. Na biyu, in za a miƙa aiki, a miƙa har da mutanen benci, ba na kan gado kaɗai ba.

Wata nas ta ce min, "Metiron, wannan ai ba shi aka koya mana ba, mu yadda za a yi da mai rigima aka koya mana." Na ce mata shi ɗin ne, daga farkonsa muka kamo.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Wasu sassa na darasin ba sa zama a nan sai an yi musu kwaskwarima.

An ce ka riƙa duban idon mutum don ya san kana saurarensa. Yarinya 'yar shekara ashirin da wani abu ta ƙura wa dattijo ido yana cikin fushi, ai ta ƙara wa wutar fetur. An ce ka kira shi da sunansa. Wa zai kira sa'an ubansa da gatsal ɗin suna? Baba ne, ko Alhaji, ko Malam. Inna ce, ko Hajiya, ko Mama. Ga waɗanda ba sa jin Hausa sosai, kuma Kaduna ce, suna da yawa, a nemo wanda ke jin yarensu a cikin ma'aikata ko a koma Turancin buroka, kada a tsaya ana ɗaga murya da harshen da mutum ba ya kamawa. An ce dafa kafaɗa yana kwantar da hankali. Tsakanin namiji da matar wani, dafa kafaɗa shi ne sabon rikicin. Abin da na ga yana aiki shi ne rusunawa. Nas ta jawo kujera ta zauna ƙasa da tsayin mutum, ta fara da gaisuwa cikakkiya, har da ya mai jiki, kafin ta shiga magana. Da wuya Bahaushe ya ƙi amsa gaisuwa ko yana tafasa, kuma da zarar ya amsa muryarsa ta riga ta sauka rabi.

Babban giɓin shi ne 'yan jinya. Littafin horon ya ɗauka ma'aikata ne kawai da majinyaci a ɗaki. Mu kuwa majinyaci ba ya zuwa shi kaɗai. Da uwa, da ƙanin uba, da mata biyu, da maƙwabcin da ya kawo su a Keke. Su ne masu sayo magani, su ne masu wanki da ciyarwa, ba don su ba asibitin ba zai kwana yana aiki ba. Su ne kuma, in abu ya rikice, kowa ke magana lokaci ɗaya, wannan na cewa a riƙe shi, wancan na cewa a sake shi, wata na salati. Ƙa'idar nan ta mutum ɗaya ya yi magana ba a kan ma'aikata kaɗai za ta tsaya ba.

Ranar Alhamis na ga yadda sistar ɗakin maza ta yi da wannan matsalar, a kan wani yaro da ya rikice, dangi sun kewaye shi. Ba ta ce kowa ya fita ba, wanda shi ne abin da muka saba, kuma shi ke jawo "ai ɗanmu ne". Ta tambaya, "A cikinku maganar wa ya fi ji?" Aka yi shiru, sai aka nuna wata 'yar tsohuwa a bayan kowa, gwaggonsa, wadda ta raine shi. Sista ta ce, "Inna, ke ki matso kusa da ni. Alhaji, don Allah ka ja sauran ku tsaya a baranda, kai zan nema in akwai magana." Alhajin ya samu muƙami, ya fita da jama'arsa da kansa. Uwar yaron ma tana wurin, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, ta koma gefe tana kallon ƙasa. Wanda bai san al'ada ba zai ce ba ta damu ba, ko ya matsa mata ta zo ta lallashe shi a gaban surukai.

Na sa an ƙara tambayar nan a takardar karɓar majinyaci: maganar wa yake ji?

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ranar rigakafi a sashen yara. "Yi shiru ko in sa likita ta yi maka allura." Daga bakin iyaye na ji, na kuma ji daga bakin ma'aikaciyarmu. Yaron da aka raina da wannan barazanar, ranar da allurar ta zama dole mutum uku ne za su danne shi. Ɗaya ƙaryar ita ce "ba zafi". Da zafi mana, kuma daga ranar ya daina yarda da farar riga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya tun 2015 kan rage zafin allurar rigakafi: uwa ta rungume jaririn, ta ba shi nono dab da allurar ko ana cikin yi, allurar da ta fi zafi ta zo a ƙarshe, babban yaro a ɗauke masa hankali. Ba ko sisin kwabo a ciki. Matsalar da muka samu ita ce kunya, mata da yawa ba za su shayar a gaban layi ba, ga maza masu rakiya. Muka ja labule a kusurwa ɗaya. Ga manyan yara kuma, a faɗa, a nuna, sannan a yi: ga auduga, ga inda zan shafa, zai ɗan yi zafi, ƙirga min zuwa biyar. Zaɓin da ake ba shi na gaskiya ne, hannun dama ko na hagu, a cinyar Mama ko a kujera. Ba a tambayarsa ko yana so.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya fara sauka. Daga azahar zuwa la'asar kowa a wuya yake, mu da su.

Abin da ya faru jiya shi ne ya fi komai faranta min rai tun da aka fara bibiyar nan. An kawo wani dattijo daga Rigasa bayan la'asar, 'ya'yansa biyu riƙe da hannuwansa, yana fizge-fizge, yana zagin da suka rantse bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Babban ɗan yana cewa iska ce, ƙaramin yana cewa a yi masa allurar barci. Maigadi har ya taho da igiya a hannu. Nas ɗin da ke wurin ƙaramar ma'aikaciya ce, ba ta daɗe da gama makaranta ba. Ta ce a dakata. Ta tambayi ɗan, "Yaya, Baba yana da ciwon suga?" Yana da shi. "Yana azumi?" Yana yi. "Ya sha maganinsa da sahur?" Ya sha, sai dai sahur ɗin kunu kawai ya kurɓa. Ta sa babban ɗan ya riƙa yi masa magana a hankali, ta soki yatsa. Suga ya faɗi ƙasa warwas. Aka kira likita, aka ba shi ruwan suga ta jijiya, kafin a kira magariba tsohon yana zaune yana tambayar wa ya cire masa hula.

Da an yi masa allurar barci, da ya yi shiru kamar yadda kowa ke so, sugan kuma ya ci gaba da sauka ba mai sani.

Wannan shi ne sashen horon da nake ta nanatawa har an fara gajiya da ni. Mutumin da ya rikice farat ɗaya, musamman tsoho, ko mai zazzaɓi, ko wanda bai san inda yake ba, bai san yau wace rana ba, ciwon jiki ake fara nema kafin a ce ƙwaƙwalwa. Suga ƙasa da 3.9 a ma'aunin da injinmu ke nunawa, wato 70 a ɗaya ma'aunin, ya riga ya yi ƙasa. Tsoffin magungunan suga irin su Daonil suna iya riƙe shi a ƙasa na tsawon sa'o'i, shi ya sa ba a sallamar mutum don kawai ya farfaɗo. Bayan suga akwai ƙarancin iska a jini, akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, akwai buguwa a ka, akwai wanda ya tashi daga farfaɗiya, akwai tsohon da fitsari ya riƙe masa ba ya iya faɗa. Yanzu kuma lokacin sanƙarau ne, duk mai zazzaɓi da ruɗewa sai an duba wuyansa. Lallashi ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amfaninsa ya ba ka minti biyun da za ka soki yatsa.

Da tsohon ya dawo hayyacinsa sai sabuwar rigima ta taso, wai an karya masa azumi. Limamin masallacin asibiti ya zo ya zauna da shi, ya karanta masa ayar rangwamen mara lafiya a cikin Baƙara. Daga bakinmu ba zai karɓa ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na kwana a dutin dare. Nas biyu ne a ɗakin da ya cika, ɗaya ta raka majinyaci hoto, NEPA ta ɗauke wuta, janareta sai da aka jira. Littafi ya ce a samu mutum ɗaya yana magana, wasu suna tsaye nesa kaɗan. Ina wasun?

Waɗanda ke nan a zahiri su ne Baba maigadi da masu shara, kuma ba wanda ya gayyace su horon. Su ne mutum na farko da mai fushi ke cin karo da shi a ƙofa, su ake ƙwala wa kira in abu ya ɓaci. Na rubuta wa shugabanni a ba ni su na rabin yini bayan Sallah, da Hausa, ba allo ba takarda.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, kuma makon Sallah ya kawo abin da ya saba kawowa: haɗarin babur da samarin da suka yi wa ƙwaya shan wuce ƙa'ida. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A Mayun shekarar aka hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Tiramol dai bai bar unguwa ba.

An ɗaure mutum ɗaya a makon, kuma zan rubuta shi yadda ya faru, don kada kundin nan ya zama na yabon kai. Saurayi ne, ya fasa gilashin taga, ya riƙe ɓallin a hannu, jini na zuba. Ɗan'uwanmu nas namiji ya yi duk abin da aka koya. Ya janye mutane, ya tsaya nesa, ya yi magana shi kaɗai, ya ce, "Ɗan'uwa, ba wanda zai taɓa ka, hannunka nake so in ɗaure maka." Yaron ya ajiye gilashin, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Amma da aka zo wanke ciwon ya sake birkicewa, ya kai wa mahaifiyarsa duka. Likita ya ba da umarni, aka riƙe shi.

Bambancin da na gani a riƙon yake. A da kifa mutum ake yi, wani ya hau bayansa da gwiwa, kuma ta haka mutane ke mutuwa, ƙirji ba ya samun buɗewa. Wannan karon a rigingine aka kwantar da shi, kowa da gaɓar da ya riƙe, ba kowa a ƙirji ko wuya, mutum ɗaya a wajen kai yana kallon numfashi yana yi masa magana. Ƙyalle mai faɗi aka sa, ba igiya ba. Aka rubuta lokaci, aka riƙa duba yatsu da numfashi akai-akai, domin mai tiramol a jiki yana iya jijjiga, allurar kwantarwa kuma tana iya danne numfashi. Da ya lafa aka kwance.

A idon sawunsa akwai tsoffin tabo zagaye biyu. Duk ɗan Kaduna ya san tabon mari, kuma ba mu manta Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, gajiya ce da rashin wurin zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai 300 ba. Amma yaron da ya taɓa kwana a mari, in ya ga mutum huɗu sun nufo shi, ba asibiti yake gani ba. Wannan ya kamata ya shiga gida na farko na takardarmu, kuma ba mu da tambayar da za ta fito da shi. Na ƙara ta.

Washegari nas ɗin ya zauna da shi ya bayyana masa dalilin riƙon, ya tambaye shi me za a yi masa nan gaba in ya ji abin na tasowa. Ya ce a bar shi ya fita iska, kuma kada a kira babansa. Aka rubuta a foldarsa, aka haɗa da takardar tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.

Talata, 22 ga Afrilu

An ba ni masu gadi da masu shara. Sun fi nas-nas saurin kamawa, wataƙila don su suka fi shan zagin. Baba maigadi ya ce shi dai a cire masa dokar "ba shiga" ba bayani, a gaya masa dalili ya gaya wa mutane. Gaskiyarsa.

Ɗakin maza ya fara gwada ma'aunin Broset, mai hasashen majinyacin da zai iya kai duka, lokacin miƙa aiki. Daga wani asibitin ƙwaƙwalwa a Norway ya fito, alamu 6 ne kawai: ruɗewa, saurin fushi, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, dukan kaya. Kowace in akwai ta maki 1, in an haura 2 a sa ido sosai a awa 24 masu zuwa. Minti ɗaya yake ci. Abin da nake so da shi, ya kori kalmar "mai rigima" daga bakin masu miƙa aiki. Da an ce gado na bakwai mai rigima ne, duk wadda ta karɓi duti da ɗaurarriyar fuska za ta nufe shi.

Waɗanda wannan tambarin ya fi cuta su ne masu sikila. Ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, ba baƙi ba ne a wurinmu, wasu mun san su tun suna goye. Yarinya ta zo ƙashi na sara, ta faɗi sunan allurar da ke mata aiki da adadinta, sai a kalli juna, wai ta kamu da jarabar allurar. Eh, akwai waɗanda pentazosin, allurar kashe ciwo, ya kama, mun gani. Amma wadda ta shekara ashirin da ciwo dole ta san sunan maganinta. In aka bar ta sai ta yi kururuwa kafin a ba ta, mu muka koya mata kururuwar. Likitan ɗakin ya yarda a riƙa ba da maganin ciwo a kan lokaci, a kuma gaya mata ƙarfe nawa na gaba zai zo.

Talata, 6 ga Mayu

Ɗakin haihuwa ne ya fi ba ni wahala, kuma ba majinyatan ba. Tsawa a kan mai naƙuda ta zama gado, har da ɗan marin cinya, har da maganar nan da kowa ya sani ta lokacin da kike jin daɗi. Manyan ungozomomi suna kare abin da cewa ceton jariri ne, in ba a yi mata tsawa ba ba za ta yi nishi ba. Ban yarda ba. Matar da aka zaga a haihuwar fari, ta biyu a gida za ta yi, sai jini ya ɓalle a kawo mana ita a Keke da tsakar dare. Wata ungozoma ƙarama tana yin abin da ya dace ba tare da ta kira shi horo ba: tana faɗin abin da za ta yi kafin ta taɓa, tana ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, "Yanzu ja numfashi. Yanzu yi nishi. Madalla, Hajiya, haka." Na roƙi a haɗa ta duti da ɗalibai. Manyan kuwa ba a aji za a canja su ba, sai a hankali, kuma ba ni da girman da zan yi musu a gaban yara.

A makon nan ma aka dawo da wata mai jego, kwana tara da haihuwa, ba ta barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Irin wannan taɓin na bayan haihuwa yana samun mace 1 zuwa 2 a cikin 1,000, galibi a makonni biyun farko, kuma na gaggawa ne, ga ta ga jaririn. Dangin miji sun ce aljanu ne, za su tafi da ita ruƙiyya. Sista ba ta yi musu a kan aljanu ba, wannan musun ba a cin sa. Ta ce malam ya zo nan ya yi karatunsa a gefen gado, ba duka, ba turaren da zai shaƙe jariri, magani kuma ya ci gaba, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron. Suka amince. An riga an duba zazzaɓi da hawan jini tun da aka shigo da ita. Sista ta kuma ja kunnensu tun da wuri cewa maganin yana iya sandarar da wuya ko ya juya ido sama, in sun ga haka su kira ta, akwai allurar da ke warware shi. Ba don wannan gargaɗin ba, daren da wuyan ya sandare da sun ce aljanin ne ya motsa, su naɗe tabarmarsu.

Talata, 20 ga Mayu

Ruwa ya sauka, zazzaɓi ya fara cika benci. An yi canjin wuraren aiki, wasu daga cikin waɗanda suka fi iya abin an kai su wasu ɗakunan, ɗaya kuma ta samu aiki a Saudiyya. Sababbin da aka kawo ba su san takarda mai gida uku ba.

An mari wata nas ranar Asabar. Mijin wata ne, a kan kuɗin jini. Ta yi komai daidai, na tambayi waɗanda ke wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna shan duka ko makamancinsa a tsawon aikinsu, to amma adadi ba ya rage zafin mari. Abin da ya ɓata min rai shi ne tambayar farko da aka yi mata daga sama: me kika ce masa? In horon nan ya zama sandar dukan ma'aikaci, cewa duk wanda aka zaga shi ya jawo, ba wanda zai sake cike min takarda. Na kai maganar a rubuce: wanda aka daka a bakin aiki a sauke shi daga dutin ranar, a duba shi, a kai rahoto, mai dukan kuma ya san akwai hukunci. Ba a ba ni amsa ba tukuna.

Jami'ar wani ƙaramin asibitin unguwa a Tudun Wada ta nemi in zo in yi wa ma'aikatanta irin zaman da na yi wa masu gadi. A irin waɗannan ƙananan asibitocin ake fara kai mai ruɗewa kafin ya iso gare mu, wurin ma'aikacin da ba shi da likita kusa. Akwai littafin mhGAP, jagorar kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2010 domin irinsu, waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, da shi zan tafi. Mun sa ranar bayan Babbar Sallah. Kafin nan sai na samu tsinken awon suga na ɗakin gaggawa, wanda ya ƙare tun ranar Alhamis, na kuma zauna da sababbin nas-nas ɗin ɗakin maza ranar Juma'a da safe.